Sunan da Husaina Ba Ta Kira Ba

A nan Tama, idan baƙin hadari ya kwanta a kan duwatsun arewa, ta wajen Keita, alhali mu rana na dukanmu, to ba a barin yaro cikin ƙorama. Ruwan da ya sauka can shi ne zai biyo yashi ya iske mu, ko ɗigo ɗaya bai taɓa rufin ɗakinmu ba. Kowa ya san da haka tun kaka da kakanni. Amma kafin Husaina babu wanda ya mai da tsayuwa a bakin gaɓa aikinsa.

Husaina matar Kalla ƙawata ce tun muna yara masu zuwa rijiya tare. Ta rasu bana, kafin a yanke gero. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Ni Laraba na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, ita ba ta taɓa shiga ba, amma abin da ke bakinta ya fi abin da ke hannuna nesa ba kusa ba.

Gajeriya ce, mai wushirya, mai murya kamar ta fi jikinta girma. A bakin turmi take yin waƙa. Taɓarya na sauka, magana na fitowa, ba ta taɓa zama ta shirya ba. A da can waƙoƙinta duk na tsokana ne. Ta yi wa mijinta waƙa ranar da ya je kasuwar Madawa sayen gishiri ya dawo da labari kawai. Ni ma ban tsira ba. Wata rana na dama hura ta yi ruwa, kafin azahar unguwa ta ɗauka:

Laraba ta dama hura,
Kaza ta leƙa ƙwarya,
Ta ga fuskarta ta gudu.

Na yi fushi na yini guda, sannan na kama kaina ina rera ta.

Ɗanta na fari shi ne Mahfuzu. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Wasu matan sukan laƙaba wa ɗan wani suna su riƙa kira, su rage wa kansu wuya. Gidan su Husaina ba su yarda da wannan ba, sun ce wayo ne ake yi wa kunya. Haka kakarta ta yi, haka uwarta ta yi, ita kuma ta ɗauka ta ƙara. Ba ta kiransa da komai. In tuwo ya sauka sai ta ce wa ƙanwarsa Salima, “Ce ma wanga ya zo ya ci.” In ya shigo tsakar gida sai ta duƙar da kai ga tankaɗe. Tsofaffi suna nuna ta ga amare, suna cewa ku dubi matar Kalla ku koyi kunya.

Ni kaɗai na san yadda take sonsa. Idan ya juya baya zai fita, idonta na binsa har sai katanga ta ɓoye shi. Naman da ya fi taushi a kwanonsa yake ƙarewa, ta hannun Salima. Shi ma ya sani. Yaro ne mai shiru, dogo, mai son aikin garka, wato lambun da muke yi a fadama.

Shekarar da abin ya faru, bazara ta yi tsawo. Rijiyoyin garka sun ƙafe, samari suka koma haƙa ramuka cikin yashin ƙorama suna jan ruwa da motopom, injin ban ruwa, don kada barkono ya ƙone. Ramin Mahfuzu yana can a lanƙwasa, nesa da na sauran. Lokacin ya zama saurayi, har ana maganar in damina ta wuce zai bi abokansa biɗa, wato ci-rani.

Ranar, Salima ba ta da lafiya, don haka Husaina ta ɗauki hurarsa da kanta. Niyyarta ta ajiye a gindin bagaruwa ta juyo, kamar yadda ta saba in babu ɗan aike. Ni ina can ƙasa sosai tare da wasu mata, ina hango ta ƙarama a kan gaɓa.

Iska ce ta fara zuwa, mai sanyi, mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, a tsakiyar wannan zafi. Sai wani ƙugi daga nesa kamar babbar mota a kan hanya. Mu da ke ƙasa muka ɗaga murya, kowa na kiran nasa, samari suka yi ta hawowa. Husaina ita ce ta fi kowa kusa da lanƙwasa, ita ta fara ganin ruwan, ja, yana turo kara da itace a gabansa. Mahfuzu yana cikin rami ya ba ta baya, ya riƙe tiyo, injin na ruri a kusa da kunnensa.

Na ga ta yar da ƙwaryar. Na ga ta ɗaga hannuwa biyu. Daga baya ta gaya mini abin da ta ce. Ta ce, “Kai! Kai wanga!” Ta sake faɗa, ta sake. Sunan ya zo mata har bakin haƙori ya tsaya. Bai waigo ba.

Washegari aka same shi can ƙasa, saiwar wani gawo ta riƙe shi.

Husaina ba ta yi kuka ba. Uwa ba ta nuna kanta a kan ɗan fari, ko a raye ko a mace. Ta zauna a tabarma tana amsa gaisuwa, tana cewa haƙuri ya zama dole. Mata suna fita suna yaba ta. Ni ina gefenta ina jin tsoro, domin hannunta da na riƙe sanyi ƙalau yake, kuma idonta bai ƙifta yadda ido ke ƙiftawa.

Har aka yi sadakar arba'in ba ta taɓa taɓarya ba. Wata safiya ina shara na ji daka daga gidansu, a hankali, ba irin nata ba. Na jingina tsintsiya na leƙa ta katanga. Ita kaɗai ce, tana daka tana cewa:

Ruwa ya zo da rana tsaka,
Ba hadari bisa kaina.
Na ce kai, na ce kai wanga,
Kai na kowa ne, bai waiga ba.
Na san sunan akuyata,
Na san sunan icen bakin gaɓa,
Na kira su, sun amsa mini.

Na shiga na ce, “Husaina, ko kin kira shi ba ya ji. Injin na kuka, ruwa na kuka. Kwanansa ne ya ƙare.”

Ba ta daina daka ba. Ta ce, “Laraba, kin taɓa kiran mai barci da sunanshi?”

Na ce na taɓa.

Ta ce, “Ya tashi ko bai tashi ba?”

Na juya na koma ga tsintsiyata.

Daga nan waƙar tsokana ta mutu a bakinta. Amare suka daina aiko mata ta zo dakan biki. Kalla, mutum mai sanyin hali, ya same ni a ƙofar gida yana murza hularsa, ya ce, “Laraba, ki yi ma ƙawarki magana. Mutane na cewa tana jayayya da hukuncin Allah.” Na gaya mata. Ta ce ita ba ta da magana da hukuncin Allah, da harshenta take da magana.

Da bazara ta zagayo sai waƙar ta canja. Ta fara sa sunayen yaran unguwa a ciki, ɗaya bayan ɗaya, kowane da sunan ubansa ko wata alama tasa:

Shafi'u na Jima, hito,
Fa'iza ta Usman, hito,
Sha'ibu mai jan wando, hito,
Ruwan dutse ba ya sallama.

Wannan ya tayar da hankalin iyaye. Wa zai so ya ji sunan ɗansa a bakin matar da ruwa ya ci ɗanta, cikin waƙar ruwan? Zainab uwar Fa'iza ta shigo gidan ko sallama ba ta gama ba.

“Uwar Salima, ki hidda ɗiyata cikin waƙarki! Mi ta yi miki?”

“Ba ta yi mini komi ba.”

“To mi ya sa kike kiranta kullum sahe awa mai kiran kaji? So kike ki ja mata abin da ya sami naki?”

Na zaci Husaina za ta yi fushi. Sai ta jingina taɓarya ta ce, “Zainabu, bakina nike koya ma aiki. Ya taɓa tsayawa sau guda. Ba ni son ranar da za a buƙace shi ya tsaya yana tunani.”

Zainab ta fita tana tofa addu'a a kafaɗarta. Aka yi ta ƙananan maganganu. Wasu suka ce ta taɓu, wasu suka ce ƙorama ce ke kiranta. Gaskiya ne ta kama zuwa can. Duk ranar da duwatsun arewa suka yi duhu, sai ta bar abin da take yi ta tafi ta tsaya a gindin bagaruwar nan, tana shaƙar iska. Nakan bi ta da ƙwaryar tsince-tsince a hannu don a ce aiki ya kai ni, amma gefen zanenta nake kallo, in ga ko za ta matsa gaba.

Damina biyu suka wuce a haka. A ta uku, wata rana da hantsi yara sun cika ƙorama suna wasa a yashi, manya duk suna gona. Husaina ta ji ƙanshin ƙasar. Ta buɗe murya ta rera waƙarta daga farko, ba gaggawa, ba tuntuɓe. Yaran sun san waƙar, kowa ya san bayan wa sunansa yake zuwa. Suka riƙa hawowa suna dariya, sun ɗauka wasa ne. Na ƙarshe yana taka gaɓa ruwan ya karyo lanƙwasa. Fa'iza tana cikinsu.

Da yamma Zainab ta aiko da ƙwaryar nono, ba ta zo da kanta ba. Tun daga ranar, duk gidan da aka yi suna, kafin a raba goro an aiko wa Husaina sunan jaririn ta sa a waƙa. Matan unguwa suka koya, suna yi a lugude, taɓarya uku a turmi ɗaya.

Akwai wani wuri a waƙar da ba kowa ya lura da shi da farko ba. Bayan ta gama sunaye, kafin ta ce ruwan dutse ba ya sallama, sai ta sauke taɓarya sau ɗaya ba tare da ta ce komai ba. Bugu ɗaya, baki rufe. Masu lugude suka saba, in an zo wurin sai su riƙe nasu a sama su bar nata ya sauka shi kaɗai. Tsakar gida takan yi tsit.

Na tambaye ta wata rana muna sussuka. Na ce, “Gurbin ga da kike bari, har yaushe?”

Ta ce, “Ranar da na cike shi, waƙa ta ƙare.”

“In ta ƙare sai ki yi wata.”

Ta dube ni ta yi murmushi, wushiryarta ta fito. Ta ce, “Ke dai ba ki iya dama hura ba, ba ki iya ƙarya ba. Kin san ba wata.”

Tun daga wannan magana na zama mai farautar sunaye. Ko a ƙauyen da ke gaba aka haihu sai na kawo mata. Takan ce, “Laraba, wanga yaro ko ƙoramarmu bai sani ba.” In ce ai wata rana zai zo ziyara. A raina ina ganin muddin waƙar na ƙara tsawo, ƙarshenta na ƙara nisa.

Salima ta yi aure a Tamaske, gidan wani ɗan kasuwa, Yaƙubu. Da ta haifi namiji muka hau mota muka je suna. Yaƙubu mutumin kirki ne, ya so ya faranta wa surukarsa, ya sa wa yaron sunan marigayi. Da aka faɗi sunan a ƙofar gida, mata suka yi guɗa, ni kuwa Husaina na duba. Tana zaune ta riƙe jaririn, fuskarta ba ta motsa ba. A hanyar dawowa, da muka hango Tama, ta juyo gare ni. Ta ce, “Sun yi don alheri.” Can kuma ta ce, “Wanga kam ba ki kawo mini shi in sa a waƙa.”

A al'ada, mai sunan ɗan farinka ma ba ka kiran sunansa. Ga jika abin da sauƙi, kaka takan ce masa maigida, tana tsokanarsa da cewa shi ne sabon mijinta. Amma a Tamaske dangin ubansa ba su da wannan nauyi, da sunansa suke kiransa, da shi ya tashi.

Bana da bazara Salima ta yi nauyi da wani cikin, aka kawo yaron Tama ya zauna wurin kakarsa. Bai isa shiga lakwal ba tukuna, ga baki, ga taurin kai. Ranar da ya iso ta tare shi a zaure.

“Maraba da maigida! Ina cefanen da ka kawo mini?”

Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, “Ni ba maigida ba ne.”

“To wane ne kai?”

“Mahfuzu.”

“Ni dai maigida na sani. Maigida marowaci, ko goro babu.”

“Ke tsohuwa ce, ba ni aurenki. In ba ki hwaɗi sunana ba, ba ni amsawa.”

Kowa ya yi dariya, har Kalla. Ita ma ta yi. Ni ban yi ba. Yaron kuwa ya riƙe maganarsa. In ta ce maigida zo ka ci tuwo, sai ya juya mata ƙeya, sai wani ya kira shi da sunansa. Ta koma aike kamar da: “Ku ce ma wanga ya zo.” Da na ji kalmar nan ta sake fitowa daga bakinta a tsakar gidan nan, sai na ji kamar an mai da mu baya.

Na ce mata ta mai da shi Tamaske kafin ruwa ya fara. Ta ce Salima ba ta da ƙarfin bin sa. Na ce to a hana shi zuwa ƙorama. Aka hana shi. Amma yaro ne, kuma duk abokansa can suke.

Ranar wata Talata da azahar, duwatsun arewa suka yi baƙi ƙirin. Na fito na ga ƙofarta a buɗe, gero a turmi ba a gama ba. Na bi ta da sauri. Na hango ta a gindin bagaruwa ta riga ta fara waƙar. Iskar nan mai sanyi tana kaɗa mayafinta. Yara na hawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da jin sunansa. Ina nesa da ita kamar tsawon gona, numfashina ya ƙare, na tsaya na dafa gwiwa.

Sai na hango shi. Can a lanƙwasa, shi kaɗai, ya duƙa yana tona yashi da fasasshen ludayi, ya ba mu baya. Sunansa ba ya cikin waƙar, don haka bai ga dalilin tashi ba. Ƙugin ya riga ya cika kunne. Na buɗe baki, amma muryata ba ta taɓa kai ko rabin tata ba, iska ta mai da mini ita.

Husaina ta gama sunaye. Ta ce, “Maigida!” Yaron ya ɗaga kafaɗa, bai juyo ba. Ya ji ta sarai, yana riƙe da maganarsa ne. Na ga kumfa ja ta leƙo daga bayan lanƙwasa.

Nan ne wurin bugun da ba magana. Na ga ta ja numfashi.

“Mahfuzu!”

Ban taɓa jin murya irin wannan ba. Matan da ke garka can ƙasa sun ce sun ji. Yaron ya zabura ya juyo, ya ga ruwan, ya yar da ludayin ya sheƙo. Ta durƙusa ta miƙa hannu ta fizgo shi kan gaɓa, ruwan ya wuce ta ƙarƙashinsu da kara da itace da wata matacciyar tunkiya.

Da na iso tana zaune a ƙasa, yaron na kuka a jikinta. Na ce, “Alhamdu lillahi, Husaina, kin kira, ya ji.”

Ta ɗago ta dube ni. Ba farin ciki a fuskarta. Ta ce, “Laraba, ashe ba shi da nauyi.”

Na ce, “Mi?”

Ta ce, “Sunan. Ashe haka yake hita, ba wuya.”

Na gane abin da ta gane. Shekarun nan duka tana gaya wa kanta cewa harshenta ne ya kasa ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa. Yanzu ta ɗauka ta ji.

Ba ta sake waƙa ba. Geron da ta bari a turmi ni na ƙarasa shi. Ta fara rage cin abinci, sannan ta kwanta. Kalla ya kai ta likita a Madawa, aka ba ta magani, aka ce jininta ya yi ƙasa. Ta sha maganin duka ba musu, bai canja komai ba.

A kwanakinta na ƙarshe nakan zauna da ita da rana ina yi mata fifita. Abin da ya ba ni mamaki, sunan ya zauna a bakinta kamar kowane suna. “Mahfuzu ba ya son kuɓewa, amma in na sa yana ci, don kada a ce.” “Ranar da Mahfuzu ya fara tahiya ina bayan rumbu ina kallo, na ciji zanena don kada in yi guɗa.” Ta ba ni labarinsa tun daga haihuwa, abubuwan da ban san ta gani ba. Kalla yakan tsaya a bakin ƙofa yana saurare, hawaye na bin gemunsa, bai taɓa ce mata ta bari ba.

Gero ya fitar da kai, ya fara nuna, ta cika da hantsi ranar wata Juma'a.

Matan unguwa har yanzu suna yin waƙarta a lugude. Sun tambaye ni ko su cike gurbin, tunda ita ta cike shi. Na ce su bar shi yadda ta koya musu. Matar ɗana tana kiran ɗanta na fari da sunansa a gabana, tsofaffi suna zunɗe, ni ban ce mata komai ba kuma ba zan ce ba.

Damina za ta dawo. An yi haihuwa da yawa tun rasuwarta, sunayen suna wurina, na jera su yadda take jerawa. Jiya na je gindin bagaruwa na gwada, ba kowa a ƙorama sai wani mai jaki yana ɗibar yashi a lanƙwasa. Na rera da duk ƙarfina tun daga farko har ƙarshe. Bai ɗago kai ba.